Château Musar: Tambayoyi da amsoshi kan jar giyar inabi ta kwarin Bekaa

Idan ana zancen giyar inabi, hankalin yawancin mutane Faransa da Italiya yake tafiya. Amma masana wannan harka suna girmama wani gida da ke Lebanon mai suna Château Musar, wanda ya ci gaba da noma da girbi a tsakiyar yaƙin basasa. Musulmi ya san hukuncin giya, haramun ce, kuma ba kiran kowa ga shanta ake yi a nan ba. Bayani ne ga ma'aikacin otal da ke hulɗa da baƙi, da mai sha'awar noman inabi, da duk wanda yake son sanin tarihin wannan yanki.

Wane ne ya kafa gidan, kuma a ina yake?

Gaston Hochar ne ya kafa shi a 1930, yana ɗan shekara 20, bayan ya ziyarci yankin Bordeaux na Faransa ya ga yadda ake aikin a can. Wurin sarrafawa da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa suna garin Ghazir, arewa da Beirut, a kan tudu mai kallon Bahar Rum. Gonakin kuwa suna can kwarin Bekaa, kusa da ƙauyukan Aana da Kefraya, a tudu mai tsayin kusan mita 1,000 daga matakin teku. Tsakanin gona da wurin sarrafawa akwai tsaunukan Lebanon, don haka dole a ɗora inabin a mota a haura dutse da shi.

Ɗan Gaston, Serge Hochar, ya karɓi aikin haɗa giyar a 1959. Ya yi karatu a Jami'ar Bordeaux a hannun Émile Peynaud, masanin kimiyyar giyar inabi, kuma shi ne ya fitar da sunan gidan duniya.

Me ake nufi da cewa giyar haɗi ce?

Ba daga irin inabi guda ake yin ta ba. Iri uku ake haɗawa: Cabernet Sauvignon, Cinsault da Carignan, kowanne kusan kashi ɗaya cikin uku, kodayake rabon yana ɗan sauyawa gwargwadon yadda shekara ta zo. Kowane iri da aikinsa. Cabernet Sauvignon ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin ɓawo, shi ke ba da bauri da ƙarfin da ke sa giyar ta jure shekaru masu yawa a kwalba. Cinsault mai laushi ne, yana kawo ƙanshi, yana kuma jure zafin rana. Carignan yana ƙara launi da tsami.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne haɗin bai bi tsarin kowa ba. Cabernet ɗan Bordeaux ne, sauran biyun kuwa an fi saninsu a kudancin Faransa, yankin zafi. Serge ya duba ƙasarsa da ranarsa ya zaɓi abin da ya dace da su. Manomin da ya san gonarsa haka yake yi.

Yaya ake yin ta?

Da hannu ake tsinkar inabin, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kowane iri daban ake tsima shi a manyan tankunan siminti, da yis ɗin da ke jikin 'ya'yan tun daga gona, ba a zuba na kanti. Daga nan a juye a gangunan katakon oak na Faransa su yi kusan shekara guda. Sai a shekara ta uku ake haɗa irin ukun a zuba a kwalabe, ba tare da tacewa ba. Kwalaben su sake kwanciya a ɗakin ajiya, ba a kai su kasuwa sai shekara bakwai bayan girbi.

Shekara bakwai jarin mutum yana kwance cikin duhu bai dawo da ko sisi ba. Gidaje kaɗan ne ke yarda da irin wannan haƙuri. Saboda rashin tacewa kuma, akan sami laka a gindin kwalba, shi ya sa ake tsayar da ita tsawon yini, sannan a tsiyaye a hankali cikin wani mazubi na gilashi. A 2006 gonakin suka sami shaidar noma ba tare da takin zamani da magungunan feshi na sinadari ba, su ne na farko a Lebanon.

Ta yaya suka yi aiki lokacin yaƙi?

Yaƙin basasar Lebanon ya ɗauki daga 1975 zuwa 1990, kuma hanyar da ke tsakanin Bekaa da Ghazir ta ratsa wuraren da ɓangarori daban-daban ke riƙe da su. Direbobi sukan yi dogon zagaye don kauce wa shingaye da luguden wuta, inabi kuwa ba ya jira, da ya daɗe a rana zai fara tsami a cikin mota. A 1976 ba a yi giya ba sam. Kasuwar cikin gida ta mutu, sai Serge ya nufi waje. A 1979 ya kai kayansa bikin baje kolin giya na Bristol a Ingila, inda Michael Broadbent na kamfanin gwanjo na Christie's ya ɗanɗana ya yaba. A 1984 mujallar Decanter, wadda ke rubutu kan giyar inabi, ta zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne mutum na farko da aka ba wannan lamba. Ya rasu a ƙarshen Disamba 2014, lokacin da yake ninkaya a teku a Meziko. Iyalansa ne ke tafiyar da gidan har yanzu.

Wane abinci ake haɗa ta da shi, kuma me ya sa?

Dalilin yana cikin baurin. Duk wanda ya taɓa cin goro ya san yadda baki ke bushewa ya ɗaure. Sinadarin tanin da ke ɓawon inabi da ƙwayoyinsa haka yake yi wa miyau. Nama mai maiƙo yana kwantar da wannan baurin, tsamin giyar kuma yana yanke maiƙon. Shi ya sa ake ajiye ta kusa da gasasshen naman rago, da kafta, wato niƙaƙƙen nama mai kayan ƙanshi da ake gasawa, da kibbeh, wato niƙaƙƙen nama da aka cuɗa da ɓarzajjiyar alkama. Naman daji da tsohon cuku mai tauri ma suna tafiya da ita. Kayan ƙanshi irin su kirfa da kanumfari ba sa faɗa da ita, domin wadda ta tsufa ita ma tana da irin wannan ƙanshin.

Barkono mai yawa kuwa ba ya jituwa da ita, yana ƙara zafin barasa a maƙogwaro. Kifi mara maiƙo ma ɗanɗanonsa ɓacewa yake yi a gabanta. Akan kawo ta da ɗan sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius.

Wanda ba ya sha fa, akwai abin da inabin Bekaa yake ba shi?

Akwai da yawa, kuma a gidajen Musulmi da Kirista na Lebanon duka ana cin su. Ana busar da inabi ya zama zabibi. Ana dafa ruwansa har ya yi kauri ya zama dibs, a gauraya da niƙaƙƙen riɗi a ci da burodi. Ɗanyen da bai nuna ba ana matse shi a sami ruwa mai tsami da ake zubawa a salak a madadin lemon tsami. Ganyen ma ana naɗe shinkafa da nama a ciki a dafa, kuma wanda ya saba da gidajen abincin 'yan Lebanon a Kano ko Abuja zai iya tambayar wannan da sunan warak enab.