Ɗauke wuta daban, kashe layi daban

Kwanakin baya, cikin damina, aka kawo mana wani yaro mai koyon wayarin a ɗakin shan maganin da nake aiki a Agege. Tafin hannunsa ya ƙone, jikinsa sai rawa yake. Maigidansa ya aike shi canza soket a wani gidan haya, ya tarar an ɗauke wuta, sai ya kama aiki hankali kwance. Ashe wani ɗan haya a ɗakin baya ya tayar da janareta ya jona shi kai tsaye a soket ɗin bango, wutar ta bi wayoyin gidan ta iso hannun yaron. Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba.

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, daga Idi-Araba har Mile 12, ku riƙe wannan: a Legas waya ɗaya tana iya samun wuta ta ƙofa uku. Akwai ta kamfani, wadda za ta iya dawowa ba sallama, kai kana saman tsani sai ka ji yara na ihun an kawo wuta. Akwai ta janareta. Akwai kuma ta inbata (na'urar da ke ba gida wuta daga batir) da sola, wadda ba ta da ƙara balle ka san tana nan. Wanda ya rufe ƙofa ɗaya ya bar biyu, bai rufe gida ba.

Wutar gida bolt 230 ce, ta layi uku kuwa tana kai wajen 400. Amma ƙarfin da ke ratsa jiki shi ke kisa, kuma kaɗan ya isa. Da miliyamfiya ake auna shi, kuma miliyamfiya 10 zuwa 20 na iya sa yatsu su damƙe waya ka kasa saki. Abin da ya haura haka, in ya bi ta ƙirji, yana rikita bugun zuciya. Shi ya sa ake ƙera bireka mai kare rai ta yanke wuta a kan miliyamfiya 30. Gumi da jiƙaƙƙen siminti, waɗanda ba ma rabuwa da su a garin nan, suna ƙara buɗe wa wuta hanya.

To, kafin ka taɓa komai, kashe babban makunni, ka duba canji-oba (makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar kamfani da ta janareta), ka kashe inbata, ka tambayi 'yan gida wa ke da janareta. Ka cire fis ka jefa a aljihunka, ko ka sa kwaɗo a akwatin ka riƙe makullin. Ka manna takarda: "Ana aiki, kada a kunna." A gidan haya mai ɗaki goma, cewa "na faɗa wa matar gidan" ba ya hana wani ya dawo daga kasuwa ya ɗaga makunni.

Sai gwaji, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Tastar nan mai kama da sukundireba da kowa ke saƙalawa a aljihun riga, ba abin da za ka jingina ranka a kai ba ne. Ƙwanta yana mutuwa, a hasken rana ba ka ganin ya kama, in kana kan busasshen katako ma yana iya ƙin haske alhali wayar da wuta. Nemi na'urar gwaji mai baki biyu. Ka fara gwada ta a inda ka tabbata akwai wuta, don ka san tana aiki. Sannan ka gwada wayar da za ka taɓa: laif (mai kawo wuta) da nutural (mai mayar da ita), laif da wayar ƙasa, nutural da wayar ƙasa. Ka gama, ka sake komawa wurin farko ka tabbatar na'urar ba ta mutu a hannunka ba. Kada launin waya ya ruɗe ka, tsofaffin gidaje sun sha hannu iri-iri. Kafasito (ɗan abin da ke tara wuta) na injin ruwa da na iyakwandishan yana riƙe wuta bayan an kashe, sai an sauke shi yadda maigida ya koya maka.

Ku kuma iyayen gida, yaran nan amana ce. Yaron da ya ga ogansa yana taɓa waya da bayan yatsa don ya ji ko da wuta, gobe shi ma haka zai yi, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Kada a tura sabon yaro aiki shi kaɗai.

In wuta ta kama wani, kada ka cafke shi. Kashe makunni, in ya yi nisa ka ture wayar da busasshiyar sanda. Kira 112 ko 767. In ba ya numfashi, ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kawo mana shi a duba zuciyarsa, domin ƙunar wuta takan fi yawa a ciki fiye da abin da ido ke gani a fata.