Zaɓen fulogin babur

Fulogi shi ne ƙaramin ƙarfen da ake murɗawa a kan silindar injin fetur domin ya fitar da tartsatsin wutar lantarki da ke kunna cakuɗen mai da iska. A babura masu silinda ɗaya, irin waɗanda suka cika titunan Bauchi daga Wunti zuwa Yalwa da hanyoyin ƙauyukan Ningi da Darazo, galibi fulogi ɗaya ne ke ɗauke da wannan aiki, in ban da wasu injunan Bajaj masu tsarin DTS-i da ke da guda biyu. Zaɓen sabon da zai maye gurbin tsoho ya dogara ne a kan abubuwa uku, wato kaurin zarensa (sashen da ake murɗawa cikin ramin inji), da tsawon zaren, da lambar zafinsa. Sunan kamfani da tsadar kaya suna biyo baya ne.

Tun a 1860 Étienne Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki a injinsa mai aiki da gas a Faransa, amma sai a 1902 ne Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch na Jamus, ya haɗa fulogi da magneto mai ƙarfin wuta, wato na'urar da ke samar masa da lantarki, wanda ya sa abin ya zama abin dogaro. Kamfanin NGK, wanda aka kafa a Nagoya ta Japan a 1936, shi ne lambobinsa suka fi yaɗuwa a harkar babura, har masu sayar da kayan gyara kan auna sauran da su.

Karanta lambar da ke jiki

A jikin farin tangaran na kowane fulogi akwai haruffa da lamba, kuma kowannensu yana da ma'ana. A tsarin NGK harafin farko yana nuna kaurin zare: C milimita 10, D milimita 12, B kuma milimita 14. Harafin da ke bin lamba yana nuna tsawon zaren, inda H ke nufin milimita 12.7, E kuma milimita 19. Saboda haka C7HSA, wanda ake sa wa ƙananan injunan da silindarsu ke kwance irin na Honda C70 da baburan roba-roba da aka kwaikwaya daga gare shi, siriri ne gajere, shi kuwa D8EA na Honda CG125 da danginsa na Chaina ya fi shi kauri da tsawo. Kamfanin Torch na Chaina yana kiran makamancin na farkon A7TC, na biyun kuma D8TC. Tsofaffin injuna masu bugu biyu, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, da yawansu suna ɗaukar mai milimita 14.

Ba a cika yin kuskure a kauri ba, domin fulogin da bai dace ba ba zai kama zaren ramin ba. Tsawon zare ne ke yaudara, tunda gajere da dogo duk suna murɗuwa lafiya. Idan fulogi ya yi gajarta, tartsatsin zai tashi a cikin rami nesa da cakuɗen mai, sauran zaren kan injin da ya rage a buɗe kuma ya cika da baƙin toka, har ya hana fulogin da ya dace shiga daga baya. Idan ya yi tsawo, bakinsa zai leƙo cikin silinda ya ɗauki zafi fiye da kima, yana iya taɓa fistan, kuma tokar da ta kama zaren da ya leƙo tana iya cinye zaren kan injin, wanda na alminiyam ne mai laushi, a ranar da aka zo kwance shi.

Lambar zafi

Wannan ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Lambar ba ta nuna ƙarfin tartsatsi, tana nuna saurin da fulogi ke miƙa zafin bakinsa ga kan inji ne. Wanda hancin tangaransa ke da tsawo yana riƙe zafi, shi ake kira mai zafi. Wanda hancinsa gajere ne yana saurin sakin zafi, shi ne mai sanyi. Ana son bakin fulogi ya zauna tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da haka ba ya iya ƙone tokar da ke taruwa a kansa, sai wuta ta bi ta cikin tokar ta sulale maimakon ta yi tsalle, babur ya riƙa shaƙewa ko ya ƙi tashi. Sama da haka bakin yakan yi ja ya kunna mai kafin lokacin tartsatsi, wanda shi ne mafi muni, domin yana iya narkar da baki ko ya huda fistan. Kuskure wajen sanyi yana jawo asarar kuɗin fulogi ne, kuskure wajen zafi kuwa yana iya jawo sauke inji.

Kamfanoni ba su daidaita a kan lissafin ba. A wajen NGK da Denso, babbar lamba tana nufin fulogi mai sanyi, kuma 7 ta NGK ta yi daidai da 22 ta Denso, 8 kuma da 24. A wajen Bosch da Champion abin a juye yake, babbar lamba ce mai zafi. Wanda ya riƙe lamba kawai ya canza kamfani yana iya sayen kishiyar abin da yake nema.

Akwai masu ganin cewa zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kusantar digiri 40 a Bauchi, ya isa dalilin sa fulogi mai sanyi. Zafin gari yana da ɗan tasiri, amma nauyin aikin inji ya fi shi nesa ba kusa ba. Baburin da ke ɗaukar buhunan masara a doguwar hanya, ko yake hawa tudu ta Toro zuwa Jos da totur a buɗe, zai iya amfana da sauka mataki ɗaya zuwa sanyi. Na ɗan acaɓa da ke yini yana tashi yana tsayawa a bakin kasuwar Muda Lawal kuwa, mai sanyi zai riƙa yi masa baƙi ne kawai. Lambar da ke cikin littafin babur ita ce madogara, kuma ba a wuce mataki ɗaya daga gare ta.

Tazara da resista

Tazarar da ke tsakanin bakin tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe, a C7HSA da D8EA, milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Inda aka ga -9 a ƙarshen lamba, tazarar 0.9 ce. Tana faɗaɗa da kanta yayin da baki ke cinyewa, kuma idan ta yi yawa kwayil, wato na'urar da ke aiko wa fulogi wuta, ba ya iya tura wutar ta tsallaka, musamman da asuba a lokacin hunturu. Harafin R, kamar a CR7HSA, yana nuna akwai resista mai kimanin om 5,000 a ciki, wadda ke rage hayaniyar lantarki. Babura masu injekta (na'urar fesa mai a madadin kafireto) da kwamfutar inji suna buƙatarta, don haka ba a sa musu marar R.

Fulogin yau da kullum yana da zuciyar jan ƙarfe da bakin nikel. Na iridiyam, ƙarfen da ba ya narkewa sai ya haura digiri 2,400, yana da siririn baki na milimita 0.6 ko ƙasa da haka, yana tartsatsi da ƙaramin ƙarfi kuma yana daɗewa. Ba ya ƙara wa inji wani ƙarfin a zo a gani, kuma a injin da ke shan baƙin mai zai toshe kamar kowane, sai dai asarar ta fi yawa.

Abin da tsohon fulogi ke nunawa

Kafin a sayi sabo, ya kamata a duba bakin tsohon. Launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka alama ce ta lafiya, sai a maimaita irin lambar. Baƙi busasshe yana nuna mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin ƙurar hunturu matatar iska ce ta farko da ake zargi, sannan cok da aka mance a rufe, sannan saitin kafireto. Baƙi mai jiƙe da maiƙo yana nuna ringi ko robar bawul sun saki. Fari fat mai ƙuraje kuwa yana nuna zafi ya yi yawa, ko dai daga lambar fulogin ko daga ƙarancin mai, abin da ke samun masu matse kafireto domin tsimin fetur, tun ba ma bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ba. Gurɓataccen mai irin wanda akan ci karo da shi a wajen wasu 'yan bumburutu shi ma yana barin datti a baki. A duk waɗannan, canza fulogi ba tare da gyara musabbabin ba yana ɓoye cutar ne na ɗan lokaci.

Jabu yana da yawa a kasuwa, kuma haɗarinsa shi ne lambar da ke jikinsa ba lallai ta dace da ainihin zafinsa ba. Ana gane shi ta rubutun da ke gogewa ko ya karkace, da zare mai kaushi, da washa mai zamewa ta faɗi, da bakin da bai daidaita da ƙarfen gefe ba, da kuma farashin da ya yi araha fiye da hankali.

Ana ɗaura fulogi ne bayan inji ya huce, a fara murɗawa da hannu har washa ta zauna domin kada zare ya hau a karkace, sannan a ƙara kusan rabin juyi da sifana idan sabo ne. Wanda aka taɓa ɗaurawa, washarsa ta riga ta danne, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Ga mai sifana mai awo, fulogi mai milimita 10 yana son ƙarfin nutan-mita 10 zuwa 12, mai milimita 12 kuma 15 zuwa 20.