Hanyoyin burji na Outback a Ostireliya: irin mota da shirin taya

Outback shi ne ƙuryar ƙasar Ostireliya, fili ne mai faɗin gaske, ga fari ga zafi, mutane kuma tsilli-tsilli, sai ka yi tafiyar kilomita 200 ba ka ga gidan mai ko ɗaya ba. Yawancin hanyoyin can ba kwalta, burji ne da tsakuwa da yashi. Cikin sanannu akwai Oodnadatta Track a Ostireliya ta Kudu, daga Marree zuwa Marla, wajen kilomita 620, tana bin tsohon layin dogo na Ghan, sai Birdsville Track mai kilomita 517 wadda ita ma daga Marree take tashi, sai Gibb River Road a yankin Kimberley mai wajen kilomita 660 da aka gina a shekarun 1960 don motocin ɗaukar shanu. Babbar yayarsu ita ce Canning Stock Route, kilomita 1,850 da rijiyoyi 51, wannan kam ba ta ɗan koyo ba ce. Garin Marree ɗin nan matattarar masu raƙuma Musulmi ne a da, waɗanda ake ce wa 'yan Afghan, su suka riƙa jigilar kaya a hanyoyin kafin mota ta karɓe aikin.

Irin mota

Ba kowace hanya ce ke neman mota mai ja da ƙafa huɗu ba. Idan an yi rani kuma gireda bai daɗe da wucewa ba, ƙaramar mota mai ɗan tsayi daga ƙasa tana iya bin Oodnadatta a hankali. Amma hamadar Simpson mai tuddan yashi sama da 1,100, ko tsallaka kogin Pentecost a Gibb, sai mai ƙafa huɗu da ƙaramar giya kuma cikinta ya yi nesa da ƙasa. Mutanen yankin galibi Toyota LandCruiser da Hilux da Nissan Patrol suke hawa, kuma na dizal, dalili kuwa kusan kowane bakanike a can ya san su kuma kayan gyaransu ba sa wuya. Lodi shi ne abin da baƙi suka fi raina wa, a cika mota da jarkokin ruwa da mai da firji da tanti har ta wuce nauyin da kamfani ya ƙayyade, to gargadar hanya sai ta cinye shokozoba ta karya sifirin. Kamfanonin hayar mota da yawa ma sun hana a hau da motarsu kan burji, wanda ya hau inshora babu ruwanta da shi.

Taya

Nan ne gizo ke saƙar. Ko motar ta kai nawa a tsada, taya ce ke cin wuyar. Ana son taya mai alamar LT, wato wadda aka yi wa ƙananan motocin kaya, gefenta ya fi kauri, da zane na kowace irin ƙasa, a kan wili mai inci 16 ko 17. Wili mai inci 20 da siririyar taya irin ta gayun birni ba ya daɗewa a can, ga shi ko ta fashe da wuya a samu irinta a ƙauye.

Sai maganar iska, wadda ke ba baƙo mamaki, don shi a tunaninsa taya mai tauri ita ce mai ƙarfi. A kan kwalta motar da aka loda tana tafiya da iskar wajen psi 36 zuwa 40 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), amma da an sauka burji ana rage ta zuwa 26 ko 28, a yashi mai laushi har 18 ko 16. Taya da ta sha iska tam ba ta lanƙwasa idan ta taka dutse mai kaifi, sai dutsen ya huda ta, wadda aka sassauta kuwa tana naɗe dutsen ta wuce, kuma tafinta na ƙara tsawo a ƙasa shi ya sa ba ta nutsewa a yashi. Sai dai rage iska dole ya tafi da rage gudu, kar a wuce kilomita 80 a awa a burji, a yashi ƙasa da haka sosai, in ba haka ba gefen tayar ya yi ta murɗewa har ya ɗau zafi ta tarwatse. Tayoyin baya sun fi mutuwa saboda su ke ɗauke da kaya, kuma na gaba na tayar da duwatsu su tsaya musu a tsaye. Ana auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kuma da an hau kwalta a mayar da ita, don haka geji da famfon iska mai aiki da batirin mota ba abin bari a gida ba ne. Safaya biyu ake so, da kayan faci na tubles, da jak da katako mai faɗi da zai zauna a kai. Hudar da ta samu gefen taya, irin wadda kututturen itacen mulga ke yi, ba ta facuwa yadda za a amince da ita.

A Disamban 1998 wasu 'yan yawon buɗe ido biyu, mace da namiji, daga Austiriya motarsu ta kafe a yashi kusa da tafkin Eyre, a reshen hanyar da ta tashi daga wajen William Creek, wani ƙauye a kan Oodnadatta Track. Matar ta kama hanya a ƙafa neman taimako, zafi da ƙishirwa suka kashe ta. Da 'yan sanda suka iso, iskar tayoyin suka rage, suka ɗan haƙe yashi, motar ta fita. Shi ya sa ake ta nanata wa matafiya cewa in mota ta lalace a zauna wurinta.

Lokaci da doka

An fi tafiya daga Mayu zuwa Satumba, lokacin sanyinsu. Gibb tana rufewa da daminar can, hamadar Simpson ta ɓangaren Ostireliya ta Kudu kuma ana rufe ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi, sannan a hamadar dole mota ta ɗaura tuta mai tsawo don motar da ke ɗaya gefen tudu ta hango ta. Ruwan sama kaɗan na mayar da burjin taɓo, hukuma sai ta rufe hanya, wanda ya bi a rufe ana cin sa tara. Sabis ɗin waya babu shi a yawancin wuraren, sai wayar satalayit ko na'urar kiran agaji.