Ƙofofin kuloraid a jikin mutum, da abin da kwalara ke yi musu

Ɗaliban jinya da na likitanci a nan Kaduna kan haddace darasin ƙofofin kuloraid don jarrabawa kawai, alhali shi ne bayanin abin da ke kwantar da mutane a asibiti da damina. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Mece ce ƙofar kuloraid?

Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kuloraid, kuma da ya narke a ruwan jiki sai su rabu. Kowace ƙwayar jiki tana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo wanda kuloraid ba ya iya ratsawa, sai ta wasu furotin masu kafa a tsakiya da aka dasa cikin tantanin. Su ne ƙofofin. Inda kuloraid ya nufa sodiyam zai bi shi, ruwa kuma ya bi bayansu. Da haka majina ke samun laushi, hanji ke samun danshi.

Iri ɗaya ce a ko'ina?

A'a. Akwai dangin ClC, waɗanda Thomas Jentsch ya fara gano tsarinsu a Jamus a 1990 daga wani kifin teku mai lantarki. Ɗayarsu ce ke taimaka wa tsoka ta saki bayan ta ɗaure. Akwai ta ƙwaƙwalwa da sinadarin GABA ke buɗewa, wadda maganin diyazefam ke ƙara wa yawan buɗuwa har barci ya zo. Wadda ta fi shahara ita ce CFTR, da aka gano a 1989, tana hanji da huhu da hanyoyin gumi.

Ta yaya ƙofa ke isa bakin aikinta?

Nan ne ɗalibai ke tsallakewa, kuma a ganina nan ne gishirin zancen yake. Ba a tantani ake ƙera ƙofar ba. Can cikin ƙwaya ake jera sinadaran amino (tubalan da ake gina furotin da su) 1,480 da suka yi CFTR, a naɗe su cikin siffa ta musamman, wasu furotin masu sa ido kuma su duba naɗin. Wadda ta tsallake sai a tura ta sashen Golji, wurin da ƙwaya ke ƙarasa gyara furotin da ƙunshe su, a gyara sukarin da ke maƙale da ita, a sa ta cikin ɗan ƙunshi a kai ta tantani. Ba kowane gefe ba ma: a hanji, sai fuskar da ke kallon inda abinci ke wucewa.

Ko ta isa, ba zaman dirshan za ta yi ba. Kullum ƙwaya na janye wasu ƙofofin zuwa ciki, ta mayar da wasu bakin aiki, ta narkar da waɗanda suka lalace. Wato hanya biyu take da ita ta sarrafa kuloraid: ta buɗe ko ta rufe ƙofofin da ke nan, ko kuma ta ƙara ko ta rage adadinsu.

Idan ƙofar ba ta isa ba fa?

Cutar gado mai suna sistik faibrosis ke nan. A mafi yawan masu ita, amino ɗaya tak ya ɓace, na 508. Ƙofar kan ɗan karkace, masu sa ido su ƙi sakinta, a rugurguza ta tun tana ciki, ko da yake da ta fita za ta ɗan taɓuka. Kamar mai duba atamfa ne a zamanin da masaƙun Kakuri ke tashe, ya mayar da turmi guda saboda zare ɗaya, alhali zai ɗauru. Majina sai ta yi kauri ta toshe huhu, gumin yaro ya yi gishiri sosai, shi ya sa ake gwajin cutar da gumi.

An lura cewa idan aka raini irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji cikin ɗan sanyi, ƙasa da zafin jiki, wasu ƙofofin kan kuɓuta su isa tantani. Magani irin Trikafta, da Amurka ta amince da shi a 2019, haɗi ne: biyu na gyara naɗi, ɗaya na riƙe ƙofa a buɗe. Cutar ta fi yawa ga Turawa, amma baƙar fata ma na yinta.

Me ke buɗe ƙofar CFTR?

Idan saƙo ya zo daga waje, wani sinadari, cAMP, na ƙaruwa a cikin ƙwaya. Shi ke tayar da furotin da ke liƙa wa ƙofar wani ɗan sinadari mai suna fosfet, sannan ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya kuzari, ya hau kanta ta buɗe. Da saƙon ya wuce sai a cire fosfet ɗin ta rufe.

To ina kwalara ta shigo?

Gubar ƙwayar kwalara na shiga ƙwayoyin hanji ta hana cAMP sauka. Ƙofofi su tsaya a buɗe, a ƙara turo wasu daga ciki, kuloraid ya yi ta kwarara da ruwa a bayansa. Wannan ne zawon nan fari kamar ruwan wankin shinkafa, da kan kai lita guda cikin awa ɗaya ga babban mutum: ido ya zurma, fatar yatsu ta yamushe, murya ta shige. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a Nijeriya.

Me ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki, ba ruwa zalla ba?

Domin hanji na da wata mashiga dabam da ke ɗaukar sodiyam tare da sukari, kuma gubar ba ta taɓa ta. Suna shiga, ruwa na bin su. Ba ya tsayar da zawon, mayar da abin da ya zube yake yi har gubar ta ƙare. Idan babu na leda daga kemis, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda amai ya hana shi sha, ko ya galabaita, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, a garzaya da shi asibiti.