Me ake nufi da "jirgin sintirin teku"?

Idan ana labarin 'yan fashin teku ko neman jirgin ruwan da ya ɓace, sau da yawa za ka ji an ce an tura jirgin sintirin teku. Jirgin sama ne, aikinsa ya yi ta shawagi bisa ruwa na sa'o'i masu yawa, rada na aiki, ma'aikata sun kafa ido ta tagogi. Juriya ake nema a wurinsa fiye da gudu. A ganina babu jirgin da ya fito da ma'anar nan fili kamar B-24 Liberator na Amurka.

Kamfanin Consolidated ne ya ƙera shi don ruwan bama-bamai, ya fara tashi a Disamba 1939, aka kuma ƙera sama da 18,000. Amma inda ya fi ceton rai a Yaƙin Duniya na Biyu shi ne tekun Atlantika. A tsakiyar tekun akwai wani yanki da jiragen da ke tashi daga tudu ba sa kaiwa, can jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke kwanton ɓauna suna nutsar da ayarin jiragen da ke kai wa Birtaniya abinci da mai. Sai aka ɗauko Liberator, aka rage masa sulke da bindigogi, aka dasa ƙarin tankunan mai a rumbun bom. Da wannan ya riƙa tashi daga Aisland da Arewacin Ailan yana kaiwa tsakiya.

Abin da ya fi burge ni, ba sai ya jefa komai ba yake yin amfani. Jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani ya fi sauri a saman ruwa, a nan kuma yake cajin batir. Da ya hango jirgin sama dole ya nutse, da ya nutse kuwa tafiyarsa ta koma ta hawainiya, ayari ya wuce ya bar shi. Da dare kuma akwai wata fitila mai tsananin haske da ake kunna masa kwatsam bayan rada ta gano shi. A Mayu 1943 asara ta yi wa Jamus yawa, har Admiral Dönitz, shugaban sojan ruwanta, ya janye jiragensa daga arewacin Atlantika.

Wannan doguwar tafiya ce ta sa aka mai da Liberator jirgin dakon kaya da fasinja mai suna C-87. Babbar hanyar sufurin Amurka zuwa Indiya a lokacin ta ratsa Akara, Kano, Maiduguri da Khartum. Firaministan Birtaniya Churchill ma a cikin Liberator ya je Alƙahira da Mosko a Agusta 1942.

Indiya ta ci gaba da sintirin teku da shi har 1968. Yau Amurka na wannan aiki da P-8 Poseidon, sojan saman Najeriya kuma da ATR 42.