Waiwaye: Ƙarancin Harsashin Gasa da Halin da Maharban Nesa Ke Shiga a Amurka

A gasar harbin nesa da ake kira F-Class, mai harbi yana kwanciya rub da ciki ne, ya auna allon da ke nisan yadi 1,000. Da'irar da ke ba da maki goma faɗinta inci 10 ne, ƙaramar da ke tsakiyarta kuwa, wadda ake raba gardama da ita, inci 5 kacal. Mutum zai yi harbi ashirin a jere, iska tana kaɗawa tana sauya hanya, kuma ana son kowane harsashi ya bi sawun ɗan'uwansa. A irin wannan nisa, bambancin da ido ba ya gani a jikin harsashi shi ne ke fitar da gwani daga sahun gaba. Shi ya sa mafi yawan masu wannan wasa ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe a kanti. Da hannunsu suke haɗawa a gida, daga abubuwa huɗu: kwanso, albarushi, ƙwayar da ke fita ta bugi allo, da ɗan mitsitsin abin da ke tayar da wuta a gindin kwanso, wanda suke kira firaima.

Ƙwayar gasa dalma ce a ciki, da rigar jan ƙarfe a waje, kuma aikin yana wajen rigar nan. In kaurinta ya fi yawa ta gefe ɗaya ko da ƙanƙani ne, ƙwayar za ta riƙa layi a iska saboda tsananin juyawar da take yi. Kamfanonin da suka iya wannan aiki ba su da yawa. Akwai Sierra, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1947, ya koma garin Sedalia na jihar Missouri a 1990, mai samfurin MatchKing. Akwai Berger a Mesa ta jihar Arizona, da Hornady a Grand Island ta jihar Nebraska, sai Lapua a ƙasar Finland. Bayan su sai ƴan tsirarun masu sana'ar hannu da ke bugawa kaɗan-kaɗan.

Abin da wanda ba ya cikin harkar ba ya saurin ganewa shi ne, maharbin gasa ba harsashi kawai yake nema ba. Yana neman samfuri ɗaya, nauyi ɗaya, kuma in da hali daga zubi ɗaya, wato waɗanda suka fito daga inji ɗaya a lokaci ɗaya, masu lamba ɗaya a jikin kwali. Ya riga ya ɓata makonni yana gwaji har ya gano abin da bututun bindigarsa ke so. Ranar da zubin ya ƙare, ko samfurin ya ɓace daga kasuwa, sai ya koma farko. Halinsa kamar na telan da shadda ta yanke masa yana tsakiyar ɗinkin babbar riga: shadda ta cika kasuwa, amma mai launin da ya fara da ita yake buƙata. Gwajin ma ba kyauta ba ne, domin bututun bindigar gasa yana da iyakar kwana. Masu ƙaramin baki na milimita 6 sukan fara rasa saiti bayan harbi dubu biyu ko uku, don haka duk harbin da aka kashe a gwaji an rage shi ne daga na ranar gasa.

Masana'antar kanta a cikin ƙaranci aka haife ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jan ƙarfe da tagulla duk sun tafi aikin soja, farar hula suka rasa abin harbi. Vernon Speer ya fara tattara kwanson ƙananan harsasai na .22 da aka riga aka harba, yana mayar da su rigar sabuwar ƙwaya. Joyce Hornady ya yi aiki tare da shi kafin ya buɗe nasa kamfanin a 1949. Shi ma Fred Huntington, da ya kafa RCBS a 1943, da ƙera kayan matse ƙwaya a gida ya soma. Sunayen da suka mamaye kantunan yau mutanen da suka rasa abin saye ne suka kafa su.

Bayan yaƙi an daɗe cikin wadata. A 1994, zamanin Shugaba Bill Clinton, jita-jita ta bazu cewa gwamnati za ta tilasta a riƙa yin firaima mai lalacewa bayan ɗan lokaci. Ba gaskiya ba ne, amma mutane suka kwashe na kantuna tas. Daga nan aka ga salon da zai riƙa maimaituwa: tsoron doka ya fi dokar kanta kwashe kaya. Haka aka yi bayan zaɓen Barack Obama a Nuwamban 2008. Haka kuma aka yi, fiye da na baya, bayan kisan gillar da aka yi wa yara da malamansu a makarantar Sandy Hook ta jihar Connecticut ranar 14 ga Disamba, 2012, lokacin da aka shiga muhawarar tsaurara dokar mallakar bindiga. Harsashin .22, wanda yara ke koyon harbi da shi, ya yi shekaru yana wuyar samu.

A wannan zagayen ne aka ga inda mai gasa yake a layi. A tsakiyar 2013 Hornady ya sanar da dakatar da kusan samfurin ƙwaya 150 da na haɗaɗɗen harsashi 150 har ƙarshen shekara, domin injinansa su mayar da hankali kan waɗanda aka fi nema. Ta fuskar kasuwanci ba za a ga laifinsu ba. Sauya inji daga wani samfuri zuwa wani yana cin sa'o'i, kuma ƙwayar gasa tana buƙatar a tafiyar da inji a hankali, a riƙa aunawa, a zubar da waɗanda suka kauce. Idan odar da ke jiran kamfani ta kai ta shekara guda, abin da ake saya da miliyoyi shi zai hau inji, wanda mutum dubu kaɗan ke nema ya jira. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka rufe matatar dalma ta Doe Run da ke Herculaneum a Missouri, ta ƙarshe a Amurka mai tace dalma daga ma'adini, aka yi ta yaɗa cewa harsashi zai ƙare. Sierra ya fito ya ce shi dalmar da aka sake narkawa yake amfani da ita tun asali, rufewar ba ta shafe shi ba. Duk da haka jita-jitar ta ƙara wa masu kwasa ƙaimi.

Ƙarancin 2020 ya sha bamban, domin abubuwa da yawa ne suka haɗu a shekara ɗaya: annobar korona, zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a watan Mayu, da zaɓen Nuwamba. Hukumar FBI ta yi binciken da ya shafi saye ko izinin riƙe bindiga kusan sau miliyan 39.7 a shekarar, adadin da ba a taɓa gani ba, ƙungiyar masana'antun ta NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindigarsu ta farko. Ana cikin haka kamfanin Remington ya durƙushe a watan Yuli, masana'antarsa ta Lonoke a jihar Arkansas ta kusan tsayawa. Wannan ya yi ciwo ƙwarai, saboda sunaye huɗu ne kawai ke yin firaima da yawa a ƙasar: CCI, Federal, Winchester da Remington. Kuma dukkansu suna haɗa nasu harsashin, don haka sai sun ƙoshi kafin su sayar wa masu haɗi a gida. Kwalin firaima dubu da ake saye dala 30 zuwa 40 ya haura dala 100, in ma an samu. A Disamba shugaban Federal, Jason Vanderbrink, ya fitar da bidiyo yana musanta zargin cewa suna ɓoye kaya. Lissafin da ya yi mai sauƙi ne: sababbin masu bindiga miliyan 7, kowa ya sayi kwali biyu masu harsashi hamsin-hamsin, harsashi miliyan 700 ke nan da ba a shirya musu ba. Gasar ƙasa ta Camp Perry a jihar Ohio, wadda ake yi a can tun 1907, ba a yi ta ba a wannan shekarar saboda annoba.

Albarushi kuwa ya nuna yadda igiyar ta miƙa har ƙetare. Varget da H4350, nau'ukan albarushin da maharban nesa suka fi dogara da su, sunan kamfanin Hodgdon na Amurka ne a jikin gwangwani, amma a Mulwala ta ƙasar Ostireliya ake yin su, a masana'antar da aikinta na farko shi ne ciyar da sojojin ƙasar. Vihtavuori daga Finland yake zuwa. A Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta hana ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, masu araha da jama'a ke atisaye da su, sai masu sayensu suka dawo kan na gida. A Fabrairun 2022 yaƙin Yukren ya ɓarke, manyan bindigogin atilare suka fara lashe sinadarin naitiroselulos, wanda shi ne ƙashin bayan kowane albarushi na zamani. A 2024 kamfanin Alliant ya dakatar da aika albarushinsa ga masu haɗi a gida saboda ƙarancin wannan sinadari. Ko ita ƙwayar, soja na da rabo a ciki: MatchKing mai nauyin giren 175 (giren ƙaramin ma'auni ne da ake auna nauyin ƙwaya da shi) da mai giren 77 su ne ke cikin wasu harsasan gwanayen harbi na sojan Amurka.

Dabarar da tsofaffin hannu suka koya ita ce, ranar da ka sa sabon bututu, ka sayi ƙwaya da albarushi da firaima da za su kai shi ƙarshen rayuwarsa, duk daga zubi ɗaya. Wasu suna gwada samfuri biyu tun da wuri domin in ɗaya ya ɓace su koma ɗayan. Ƙungiyoyi suna haɗa kuɗi su yi oda da yawa, ko su yi musaya tsakaninsu a filin gasa. Masu harbin .22 na mita 50, irin na Olamfik, sukan kai bindigarsu cibiyar gwaji ta Lapua a Mesa ko a Marengo ta Ohio, ko ta Eley a Ingila, a gwada zubi daban-daban, wanda ya dace su saye shi da katan. Ina ganin hikimar wannan tanadi, amma ba zan ɓoye damuwata ba: abin da ya zama tsari ga mutum ɗaya, in dubbai suka yi shi a lokaci guda, shi ne ƙarancin kansa. Kuma mai kuɗi ne kaɗai ke iya ajiye kayan shekara biyu a ɗaki. Matashin da ya shigo wasan bana, ko kulob ɗin makaranta mai ƙaramin kasafi, su ne ke zuwa kanti su tarar da kanta babu kowa, kuma da yawansu daga nan suke barin wasan.

Akwai wata hanya da ta fi burge ni. A Bisley ta Ingila, a babban taron shekara na harbin allo, masu shirya gasa ne ke raba harsashi, kowa ya harba iri ɗaya. Nauyin nema ya koma kan ƙungiya, wadda ke yin kwangila tun da wuri, kuma wanda ya fi tanadi a gida bai fi kowa ba a filin. Maharban F-Class da na wata gasar harbin nesa mai suna Precision Rifle Series a Amurka ba za su karɓi wannan cikin sauƙi ba, domin a wurinsu haɗa harsashi rabin gwanintar ne.

Kantuna sun sake cika daga 2023, ko da yake farashi bai koma inda yake ba. Masu kamfanonin ma sun ragu. Berger, Lapua, Vihtavuori da SK mai yin harsashin .22 duk suna ƙarƙashin kamfanin Nammo mai hedikwata a Norway, wanda babban cinikinsa na soja ne. Sierra ya sayi Barnes, wani kamfanin ƙera ƙwaya, a gwanjon kadarorin Remington na 2020, sannan aka sayar da su biyun tare a 2024. A ƙarshen wannan shekarar kuma rukunin CSG na ƙasar Cek ya sayi kamfanin da ya mallaki Federal, CCI, Speer da harsashin Remington, wato uku daga cikin manyan masu yin firaima huɗu na Amurka suna hannu ɗaya.