Mayar da nauyi zuwa lita ta hanyar densiti

Mayar da nauyi zuwa lita lissafi ne da ake yi don sanin lita nawa wani abu mai ruwa-ruwa zai cika idan an san nauyinsa a sikeli. Kilo nauyi yake aunawa, lita kuwa wurin da abu ya cika take aunawa, don haka babu lamba guda da za ta haɗa su a kan kowane abu. Abin da ke haɗa su shi ne densiti, wato nauyin lita ɗaya ta wannan abin.

Yadda ake lissafin

Ana raba nauyin ne da densiti, abin da ya fito shi ne yawan lita. In kuma litar aka sani ana neman nauyi, sai a ninka ta da densiti. Sharaɗin shi ne ma'aunan su dace da juna: kilo da lita, ko giram da mililita.

Densitin man gyaɗa wajen kilo 0.91 ne a lita, na zuma kuwa wajen 1.42. Kilo 20 na man gyaɗa kenan zai ba da lita 22 ko kusa da haka, amma kilo 20 na zuma da ƙyar zai haura lita 14. Jarka mai cin lita 25, in an cika ta da man gyaɗa nauyin abin da ke ciki bai kai kilo 23 ba, in zuma ce sai ya zarce kilo 35. Jarkar ba ta canza ba, amma mai ɗauka zai ji a kafaɗarsa.

Madarar shanu tana kusa da 1.03, ruwan teku 1.025, kananzir wajen 0.80, dizal tsakanin 0.82 da 0.85, fetur tsakanin 0.72 da 0.78. Zaiba ta fita daban, domin lita ɗaya tata ta haura kilo 13 da rabi.

Ruwa da asalin ma'aunin

Ruwa mai tsabta ne kaɗai kilo ɗayansa yake daidai da lita ɗaya, kuma da gangan aka tsara hakan. A 1795 Faransa ta ɗora ma'anar giram a kan nauyin ruwa, kilon da aka ƙera a 1799 kuma an auna shi ne da ruwa a wajen digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, inda ruwa ya fi nauyi. Daga 1901 lita a hukumance ita ce wurin da kilo ɗaya na ruwa ke cikawa, har zuwa 1964 da aka raba su, aka mayar da lita ta zama cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita 10 ne. A digiri 25 lita ɗaya ta ruwa giram 997 ce, bambancin da ba ya damun mai girki.

Wannan sauƙin na ruwa ne ke yaudarar mutane su ɗauka komai haka yake.

Sanin cewa abubuwa sun bambanta a nauyi ko da girmansu ɗaya ne ya daɗe. Ana danganta shi da Arkimidis, masanin Girka na birnin Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga cikin masanan ƙasashen Musulmi, Al-Biruni ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja da wannan hikimar, Al-Khazini kuma ya faɗaɗa aikin a birnin Marw wajen shekarar 1121.

Zafi da cinikin mai

Densiti ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abu mai ruwa-ruwa yana buɗewa idan ya yi zafi, litarsa ta ƙaru alhali nauyinsa na nan yadda yake. Fetur yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Tankar da aka yi wa lodin lita 33,000 da rana tsaka, in man ya huce da digiri 10 kafin a sauke, za a ga ya ragu da lita 300 ko fiye ba tare da an zuƙi ko ɗigo ba. Saboda haka a manyan cinikayya ake mayar da awon zuwa digiri 15 kafin a yi lissafin kuɗi.

Jiragen ruwa da tan suke kawo mai, gidan mai kuwa da lita yake sayarwa. Tan ɗaya (kilo 1,000) na fetur mai densiti 0.745 yana ba da wajen lita 1,340. Ɗanyen mai da ganga ake ƙirga shi, kowace ganga lita 159, kuma a matsakaici ganga bakwai da 'yan kai ke yin tan ɗaya. Densitin da kansa ana auna shi da wata kwalba siririya mai nauyi a gindi da ake tsomawa cikin ruwan: gwargwadon nutsewarta, gwargwadon rashin nauyin ruwan. Da irinta ake gane madarar da aka yi wa algus da ruwa.

Jirgin da mai ya ƙare masa a sama

Ranar 23 ga Yuli 1983 wani jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton. Na'urar nuna yawan mai ta lalace, sai aka auna tankunan da sanda, aka samu lita 7,682. Tafiyar tana buƙatar kilo 22,300. Wajen mayar da lita zuwa nauyi aka ninka da 1.77, wanda nauyin lita ne a laba (ma'aunin nauyi da bai kai rabin kilo ba), maimakon 0.8 na kilo, domin a lokacin ne Kanada ke sauya ma'auni kuma jirgin sabo ne mai aiki da kilo. Aka ƙara lita 4,917 a inda ake buƙatar kusan 20,000. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin mansa, injinansa biyu suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa shi ya sauka a tsohon sansanin sojan sama na Gimli. Mutum 69 ke ciki, babu wanda ya rasu.

Inda lissafin ba ya aiki

Maganin ruwa na yara ba ya shiga wannan ƙa'idar. In an rubuta miligiram 120 a mililita 5 a jikin kwalba, ana nufin yawan maganin da aka narkar a cikin ruwan ne, ba nauyin ruwan ba, don haka da wannan rubutun ake lissafin abin da za a ba yaro, ba da densiti ba. Hatsi da gari ma haka: akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsu, shi ya sa nauyin mudun gero yake canzawa gwargwadon bushewarsa da yadda aka girgiza shi ko aka yi masa tozo.